Turmin da Rahamatu Ta Binne

Ranar da na fara sanin Rahamatu a ƙasa na san ta, ina kwance rub da ciki a tsakar gida, kwanon koko ya kife can gefe, ƙafata ɗaya cikin turmi. Shekara ashirin da huɗu ke nan. Kwananta biyu da tarewa a gidan hayar da muke zaune a nan Dutsin-Ma, ni kuma na fito da safe zan kai wa mai gidana karin kumallo, Allah ya jiƙansa. Ban san an haƙa rami a bakin madafa an binne turmi har wuya ba, an zagaye bakinsa da tsumman buhu.

Na ce, "Wace marar aikin yi ce ta shuka turmi a kan hanya?"

Ta fito, doguwa siririya, muryarta ƙasa-ƙasa kamar mai gulma a gidan makoki. Ta ce, "Sannu Hajiya. Ba shuka shi na yi ba, haka ake ajiye shi."

"Su wa ke ajiye shi haka?"

"Mu."

"Ku su wa, ku da gyaɗa?"

Rigimar nan damina guda muka yi muna ja. Ta ce ƙarar daka rabin kiɗa ce, bai kamata mazan waje su ji ba, shi ya sa ake binne turmi a daka a durƙushe da gajeriyar taɓarya. Na ce ta kawo mini aya. Ta ce itace ya fi daɗewa cikin sanyin ƙasa. Na ce in ya tsiro ta ba ni iri, ina da ɗiya uku da zan aurar. Mai gidan hayar ya gaji da mu, ya ce a bar turmin har kaka a gani. Kaka ta yi, ta zuba sabon gero za ta yi surfe, ta durƙusa ta ɗaga taɓarya, bugu ɗaya taɓaryar ta zarce ƙasa. Gara ta cinye gindin turmin tas, baki kawai ta bar mata don kunya. Na ara mata nawa bisa sharaɗin ta daka a tsaye kamar sauran bayin Allah. Ta karɓa, amma har yau ba ta yarda an kayar da ita ba. Abin da take cewa, garar Dutsin-Ma ce ba ta da tarbiyya.

Daga baya na san inda ta fito. Can bayan Birchi akwai wani ɗan ƙauye da mutanen Kurfi suke kira Garin Shiru. Wani Malam Audi ne ya kafa shi, ya janye jama'arsa daga cikin mutane don gudun fitinar zamani. Ba rediyo, ba hoto, ba boko, ba kiɗa, ba guɗa ranar biki, muryar mace ba ta tsallaka danga. Ba sa cutar kowa, gero da tumatirinsu ma ba algus, sai dai in ka yi musu sallama suna duban takalminka kafin su amsa. A nan aka haifi Rahamatu, a nan ta yi auren fari, a nan mijin ya rasu ya bar ta da ɗiya mai ciwon ƙirji. Asibiti ma ba sa zuwa. Wata safiya ta goya yarinyar ta taka a ƙasa har Kurfi. Yarinyar ta warke, ita kuma aka aiko mata cewa tunda ta zaɓi allura ta zauna wurin masu allura. Ta zauna gidan wata gwaggonta shekara biyu, sannan Rabo mai sayar da kifin dam ɗin Zobe ya aure ta ya kawo mini ita, da turminta.

Shekara goma sha ɗaya ba ta ga uwarta ba. Sai da Malam Audi ya rasu, yayanta Ya'u ya zama cikin masu faɗa a ji, sannan aka ba ta Alhamis. Alhamis kaɗai, daga hantsi zuwa la'asar. Tun daga nan ba ta taɓa fashi ba, ko lokacin da hanya ta yi tsami mutane suka rage fita. Mota zuwa Kurfi, babur zuwa Birchi, sauran a ƙafa, da busasshen kifi da kwalbar man zafi a ƙullin mayafi, don uwar tata, Gogo, gwiwoyinta sun daɗe da ƙin ɗaukarta.

Sauran kwana shida fura take sayarwa a ƙofar gida. Furarta kuwa ko ni da ba na yabon abin wasu sai na yi shiru. Da aka kawo mana jami'a, ɗalibai suka gano ta, suka mai da zauren namu kamar ofishinsu. Tana dama musu, suna zuba, tana saurare. Ba ta da yawan magana, kuma ni duk marar yawan magana ina sa masa ido, don maganar tana nan, wuri kawai take nema.

Bara ne littafin ya shigo gidan. Nana Hadiza ce ta kawo shi, wata ɗaliba da ke haya a ɗakin da ke kusa da zaure. Sunansa Danga Bakwai, labarin wata yarinya Saratu da ta tashi cikin wasu mutane masu tsanani, a wani gari da ba a faɗi sunansa ba. Inda ake sa sunan marubuci an rubuta Wata Baiwar Allah. Bayan la'asar Nana Hadiza takan karanta mana shafi goma, matan unguwa su cika tsakar gida kamar ana rabon atamfa.

Kowa da nasa ra'ayin. Ɗalibai suka ce jaruma ce ta rubuta, a ba ta lambar yabo, kuma a cikinsu babu wadda ta taɓa kwana a garin da ba wutar caja. Limamin layinmu bai karanta ba, amma ya ce aikin maƙiya addini ne, daga ganin bangon ka sani. Rabo ya ce ƙarya ce tsagwaronta, saboda a babi na uku an kama tarwaɗa da ƙugiyar da ko ƙaramar karfasa ba za ta riƙe ba, daga nan ya daina saurare. Wata telar mata da ke bayanmu ta ce ita dai ta yi kuka sau huɗu, kuma duk littafin da ya sa ta kuka gaskiya ne. Na ce albasa ma tana sa ki kuka. Ni ra'ayina shi ne yarinyar ta cika tsayawa a jikin danga tana tunani. Yarinyar ƙauye da ke da wannan lokacin ban taɓa ganinta ba, sai in marar lafiya ce.

Amma duk ra'ayoyin nan da sun zagaya sai su dawo su tsaya a ƙofa ɗaya. Saratu ta ɓoye fasasshen madubi a ƙarƙashin rumbu. Ubanta yana da jaki mai ɗingishi wanda ba ya tafiya sai an yi masa tari. A ƙarshe ta goya ɗiyarta ta tafi asibiti ba ta koma ba. Mata biyu ne kacal suka taɓa barin Garin Shiru, ɗaya ta daɗe a kabari. Masu sayen fura suka ƙaru, rabinsu ba furar suke so ba. Sai ka ga mace ta zo daga wata unguwa da kofi, ta tsaya tana leƙen fuskar Rahamatu, ta ce, "Baiwar Allah, a dama mini," ta danna kalmar kamar mai taka kunama.

Ni ma na zarge ta, ba zan ɓoye ba. Labarin jakin nan daga bakinta na taɓa ji. Sannan akwai ranar da Nana Hadiza ta karanta inda malamin garin ya sa aka tattara turame aka ƙone a gaban masallaci saboda lugude ya zama kiɗa. Littafin ya ce tun daga ranar ba a sake daka a garin ba, komai a dutse ake niƙawa, har fura. Telar nan tana share hawaye, sai na ji wani sauti a bayana. Rahamatu ce ta toshe baki da mayafi tana dariya. Matar da na yi shekara ashirin ina mata barkwanci ba ta ba ni fiye da murmushi ba. Na ce a raina, mai abu ta ji abinta.

Da mutane suka watse na tsare ta a madafa.

"Ke, tsakaninki da Allah, wa kika ba labarin nan?"

"Hajiya, ni da ko sunana ban iya rubutawa da boko ba."

"Baki ba ya buƙatar boko. Yaran nan kullum suna zaune gabanki da waya a hannu. Ko Nana Hadiza ce? Na ga idonta, idon masu rubuta mutane ne."

"Nana Hadiza lissafi take karanta."

"To ai shi ne, ta lissafa ki."

Ta ci gaba da cura furarta. Nana Hadiza kuwa da na matsa mata, sai ta ce ita ma ni take zargi, wai ni ce na san sirrin kowa a unguwa kuma ba na iya riƙe shi. Na ce yarinya, da ni ce da sunana zan sa da manyan baƙaƙe, har da hotona.

Wasa ya ƙare ranar wata Alhamis da ta dawo tun kafin azahar, kifin da man zafin suna ƙulle yadda ta tafi da su. Maza biyu ta iske a gindin tsamiyar da ke bakin garin. Suka ce littafin ya iso musu, an karanta wa dattawa, kuma Malam Ya'u ya ce kada ta sake shiga sai an gama bincike. Ta roƙa su karɓi man su kai wa Gogo, suka ce ba a ba su wannan umarnin ba. Alhamis ta biyu haka, ta uku haka. Ba ta fasa zuwa ba, takan tsaya a gindin tsamiyar har rana ta take sannan ta juyo. Gogo ta haura tamanin. Mai shekara tamanin ba a yi mata lissafi da Alhamis mai zuwa.

Ana cikin haka wata safiya ina daka, sai abin ya faɗo mini, har na kusa sakin taɓarya a ƙafa. Ni da na faɗa cikin hujjar da ƙafata. Na samu Rahamatu na ce, "Ke, littafin ya ce ba turmi a garinku. To wanda ya kusa karya ni daga ina kika koyo shi?"

Ta duba ƙofa ta rage murya, wadda dama ba ta da abin ragewa. Ta ce ƙona turamen gaskiya ne, tana da shekara tara aka yi, maza suka tsaya suka kalla suka koma zaure. Kwana uku ba fura a garin. A rana ta huɗu matar Malam Audi da kanta ta haƙa rami a cikin madafarta ta binne wani tsohon turmi da ya tsira, ta gwada, ba a ji ko a bakin ƙofa ba. Kafin wata ya mutu kowace madafa ta samu nata, ana shigo da su a cikin kayan kara. Namiji a garin ba ya shiga madafa da zarar ya yi kaciya, kuma ba wanda ya taɓa tambaya.

"To mi kike jira? Ki faɗa musu mana."

"In na faɗa, su shiga su tone, su ce an yi shekara arba'in da biyar ana saɓa wa Malam. Ni in samu Alhamis, mata sittin su koma dutse? Ba asirina ba ne ni kaɗai."

Na dube ta da kyau. Na ce, "Ko kuwa ke kika ba da labarin, kika cire turmin da gangan don ki rufa musu asiri."

Ta ce, "Hajiya, da ɓoyewa zan yi sai in yi shiru a kan daka gaba ɗaya. Ba zan sa yarinya ta niƙa dafaffiyar fura a dutse ba. Kin taɓa gwadawa? Danƙo za ki kwasa."

Na koma kan dakana.

Ana saura kwana biyu Alhamis ta huɗu, Ya'u ya zo da kansa. Shekara ashirin da huɗu ƙanwarsa tana gidan nan bai taɓa taka shi ba. Dattijo ne fari, busasshe, rawaninsa tsaf. Ya zo da ɗansa Misbahu, magidanci mai kusan shekara talatin da biyar, wanda shi suke aikowa gari da tumatir, shi kaɗai aka yarje wa ya koyi boko don kada a cuce su a takardun taki. Shi ya karanta wa dattawa littafin. Rabo ya shimfiɗa musu tabarma a zaure. Rahamatu ta zauna daga bakin ƙofar ciki, ni na zauna kusa da ita. Ya'u ya ce maganar gida ce. Na ce Malam, ni ma a gidan nake, kuma kunnena ɗaya ya mutu. Ban faɗa masa ɗayan yana aikin biyu ba.

Kafin a fara, Misbahu ya turo wata 'yar ƙwarya rufe da faifai. Ya ce, "Gwaggo, Gogo ta ce a kawo miki. Ta ce ki duba ki gani ko hannun matan gidan ya canza."

Ta buɗe. Curin fura uku ne, an barbaɗe su da gari. Ta daɗe tana kallonsu. Gogo ba ta taɓa aiko mata da fura ba, wa zai aika wa mai fura da fura. Na ga ta gyara zama, na san tsohuwa ta ba da izinin a fasa asirin turmin.

Ya'u yana kallon tabarma ya ce, "Rahamatu, ba faɗa ya kawo ni ba. Madubin nan naki ne, ni na kama ki da shi. Jakin na Baba ne. Tafiyar taki ce. An rubuta mace ce ta yi. Ki faɗa mini wa kika ba, a san yadda za a yi. In kin ƙi, dattawa sun ce hanyar ta rufe ke nan."

Ta ɗauki curi ɗaya ta ajiye a kan faifai ta tura gabansa.

"Yaya, wannan mi ce ce?"

"Fura ce, mi kike nufi?"

"Daga gidanka ta fito?"

"Daga gidana."

"Da mi aka kirɓa ta?"

Ya tsura wa curin ido kamar yau ya fara ganin irinsa. Misbahu ne ya yi saurin cewa, "A dutse mana, Gwaggo."

Ta juya ta dube shi, kallo ɗaya. Ni kuwa na ƙare masa kallo. Hannunsa ya yi laushi da yawa ga mai noman tumatir, kuma akwai wani abu mai kusurwa huɗu a aljihun cikin rigarsa wanda bai yi kama da carbi ba. Sannan na tuna wa Gogo take riƙo lokacin da Rahamatu ta bar garin, wa kuma ya tashi a ɗakinta yana jin tatsuniya da abin da ba tatsuniya ba. Ban ce shi ne ba. Shi ya karanta littafin, zai iya ɗauka daga nan. Na dai lura gumi ya tsatso masa, kuma zauren namu akwai iska.

Rahamatu ta ce, "Yaya, turmi uku ne a gidanka. Ɗaya a madafar Gogo, biyu a ta matarka, binne har wuya. Gidan Malam shi ya fara, uwargidansa ta haƙa da hannunta. Ba macen da ta tashi a garin nan ba ta durƙusa gabansa ba tun tana shekara tara. Shekara nawa kana ganina da man zafi, ka taɓa tambayar Gogo mi ya cinye mata gwiwa?"

Rabo ya yi tari. Ya'u ya ɗago kai. Can ya ce, "An saɓa wa Malam ke nan."

"Malam ƙara ya hana, kuma ka taɓa jin ƙara? Shi ma furar ya sha har ranar da ya koma ga Allah. In kun ga a tone, ku tone, rijiya tana nan, sai ku riƙa shan ruwa da rana."

Ya daɗe yana shafa gemu. Ina ganin yana lissafin yadda zai tsaya gaban dattawa ya ce musu duk furar da suka sha tun suna samari ta bi ta cikin abin da suka ƙone. Ban ga alamar zai faɗa musu duka ba. Har yau kuwa ban ji an tone ko ɗaya ba.

Ya miƙe yana kakkaɓe riga. Ya ce, "Jibi ki zo. Ki taho da man, na wancan watan ya ƙare." Ya kai bakin ƙofa, sai girman kai ya ja shi baya, don namiji ba ya son fita zaure ba da maganar ƙarshe a bakinsa ba. Ya juyo ya ce, "Amma maganar ba ta mutu ba. In ba ke ba ce, dole wani ne ya rubuta. A ina za mu neme shi?"

Ta rufe ƙwaryar da faifai, ba ta ko dubi inda Misbahu yake ba.

"Ku nemi wanda ya sha fura duk rayuwarsa bai san inda turmi yake ba. Sai dai aikin zai yi muku yawa, Yaya, don da kai za a fara."